Ruwa ba ya tsayawa, to yaya masu zane na da can suka zana shi?

Wani matashi mai koyon zane ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, ina ganin tsofaffin zane-zane na magangarar ruwa da na raƙuman ruwan teku, waɗanda aka yi tun ba a san kyamara ba. Ruwa ba ya tsayawa ko na ƙiftawar ido, to ta yaya suka ga siffarsa har suka zana? Ko ƙirƙira kawai suka yi? Sannan shahararren zanen nan na Japan, mai ƙaton raƙumin ruwa da jirage a ƙarƙashinsa, tsunami ne?"

Ƙanena, na ji daɗin wannan tambaya, domin a kanta na shafe shekaru ina fama da ɗalibai, da kuma hannuna. Bari in fara da abin da na gani da idona, sannan mu je ga magabata.

Wata shekara na kai ɗalibaina Gurara, a jihar Neja, cikin watan Agusta, lokacin da kogin ya cika ya yi ja da laka, ƙararsa kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Kowa ya zauna ya fito da fensir. Bayan rabin awa na zagaya, sai na tarar kusan duk abu ɗaya suka yi: dogayen layuka daga sama zuwa ƙasa, kamar taliyar da aka shanya a igiya. Na ce kowa ya ajiye fensirinsa, ya zaɓi dutse ɗaya a cikin ruwan, ya zuba masa ido, kada ya bi ruwan da kallo. Can sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai wannan ƙullin ba ya gusawa." Ta ga abin da nake so su gani. A bayan dutsen akwai wani tudun ruwa da ya tashi kamar tozon sa, ruwan da ke cikinsa yana wucewa da gudu, amma tozon yana nan inda yake. A gindinsa kuma kumfa tana komawa baya, tana fuskantar inda ruwan ya fito. Dalili shi ne dutsen da ke ƙasa bai motsa ba, yawan ruwan da ke zuwa ma bai canja ba, don haka duk ruwan da ya iso wurin dole ya bi wannan lanƙwasar.

Amsar tambayarka ta farko ke nan. Ruwan yana wucewa, siffarsa tana zama, kuma ita masu zane na da can suke farauta. Ko raƙuman teku, da ba sa tsayawa wuri ɗaya, matakansu ba sa canjawa: ya kumbura, ya miƙe, bakinsa ya yi siriri har haske ya ratsa shi, ya lanƙwaso, ya fashe, ya janye. Wanda ya zauna ya kalli ɗari zai ɗauki baki daga wannan, kumfa daga wancan, har ya haɗa guda ɗaya da ya ƙunshi halin dukansu.

Leonardo da Vinci na Italiya, wanda ya rasu a 1519, bai tsaya ga kallo kawai ba. A cikin rubuce-rubucensa ya ba da shawarar a yi kwatami mai bangon gilashi, a zuba ƙwayoyin gero a cikin ruwan, don a ga inda kowace ƙwaya take bi. Akwai takardarsa ta wajen 1510, tana cikin tarin gidan sarautar Ingila a Windsor, inda ya zana ruwa yana zubowa daga wata kafa zuwa cikin tafki. Ya nuna wanda ya nutse ƙasa, da wanda ya dawo sama da kumfa, da wanda ya nannaɗe a gefe. Ya kwatanta motsin ruwa da gashin kai, cewa motsi biyu ne, ɗaya yana bin nauyi, ɗaya yana bin nannaɗewa. Shekara kusan 300 kafin shi, a fadar Hangzhou ta ƙasar Sin, Ma Yuan ya yi zane goma sha biyu waɗanda kusan babu komai a cikinsu sai ruwa. Kogin Rawaya da tumbatsarsa, tafkin Dongting da 'yar iska a kansa, kowanne da irin layinsa, kamar yadda kowane alaramma yake da hannunsa a rubutu. Suna nan a gidan tarihi na fadar Beijing.

Inda na fi so mu daɗe shi ne Japan, saboda irin aikinsu sana'ata ce, kuma a nan ne za ka ga yadda kayan aiki ke tilasta wa mai zane ya yanke shawara. Zanen da ka tambaya a kai ba da buroshi aka yi shi ba, bugun katako ne, kamar hatimi. Mai zane zai zana da tawada a siririyar takarda. Masassaƙi zai manna ta a kife a kan allon icen ceri, ya sassaƙe duk inda babu layi, takardar asali ta lalace a nan take. Kowane launi da allonsa. Mai bugu zai shafa launi, ya ɗora takarda a kan wata 'yar alama da aka sassaƙa a kusurwa don kada launuka su goce, ya murza bayanta da wani faifai na hannu. Mutum huɗu ne a kan aikin idan ka haɗa da mai ɗab'i da ya zuba kuɗinsa.

To wuƙa ba ta san hazo ba. Ko ka bar icen, ko ka cire shi. Na sassaƙa kumfa a katako sau da yawa, kuma duk lokacin da na kai bakin raƙumin ruwa sai hannuna ya tsaya, domin dole in faɗi inda ruwa ya ƙare, inda iska ta fara, alhali a zahiri babu wannan iyakar. Mai fentin mai yana iya shafa fari ya wuce. Mai katako ba shi da wannan mafitar. Shi ya sa kumfar Katsushika Hokusai, mai zanen da ka tambaya a kai, ta zama farata, kowane ɗan yatsa da iyakarsa. Kuma farin da kake gani a jikin kumfar takardar ce da kanta, wadda aka bari babu launi.

An haifi Hokusai a 1760 a Edo, wato Tokyo ta yau, ya rasu a 1849. Ya fitar da wannan zane a wajen 1831, yana da shekara saba'in a duniya, cikin jerin hotunan dutsen Fuji talatin da shida da Nishimuraya Yohachi ya buga, waɗanda kasuwa ta sa aka ƙara goma suka zama 46. Ba rana ɗaya ya same shi ba. Tun ƙarshen shekarun 1790 da farkon 1800 yake zana raƙumin ruwa yana tasar wa mutane ko jirgi, kuma idan ka jera waɗancan na farkon za ka ga ruwan a sandare yake kamar tudun ƙasa. Shekara talatin ya yi kafin ruwan ya sami rai a hannunsa. Ranar da na fara ganin bugu na asali a Landan, ƙanƙantarsa ce ta ba ni mamaki: kimanin santimita 25 ne a tsaye, 37 a kwance, bai kai takardun A4 biyu a jere ba. An buga dubbai, ana sayar da kowanne a kan kuɗin da bai wuce na kwano biyu na taliya sosai ba. Ɗari da ɗoriya ne suka rage a duniya, kuma masana suna gane na farko da na baya ta inda layukan katakon suka fara gutsurewa saboda yawan bugu.

Ba tsunami ba ne. Tsunami yawanci girgizar ƙasa ce a ƙarƙashin teku take haddasa shi. A tsakiyar teku ba shi da tsayi, tsawonsa yana iya kai kilomita ɗari ko fiye, har jirgi ya hau shi ya sauka ba a sani ba, kuma idan ya iso gaɓa ya fi kama da ambaliya mai turowa ba ƙaƙƙautawa. Abin da Hokusai ya zana raƙumi ne irin wanda iska ke tayarwa, mai gajeren jiki da bakin da ke lanƙwasowa. Sunan da ya ba zanen ma cewa ya yi a ƙarƙashin raƙumin ruwa daura da Kanagawa. Jiragen uku irin masu saurin nan ne da ke kai ɗanyen kifi kasuwannin Edo, kowanne da matuƙa takwas. Tsawon irinsu mita 12 zuwa 15 ne, kuma da su aka auna aka ƙiyasta tsayin raƙumin a kan mita 10 zuwa 12.

Ga wani abu da zai yi maka amfani, kai da ka yi karatun allo. Mutanen Japan na lokacin daga dama suke fara karatu zuwa hagu, kamar ajami. Bature yana shiga zanen ta hagu, ya bi bayan raƙumin, ya sauko tare da shi. Idan ka shiga ta dama, tare da matuƙan kake, kuma bangon ruwa ne ya tare maka hanya. Gwada ka gani, zanen zai ƙara nauyi a ƙirjinka. Dubi kuma Fuji, dutse mai tsayin mita 3,776, yadda ya zama ɗan tsito a can nesa cikin ramin raƙumin, feshin kumfa yana sauka a kansa kamar ƙanƙara. Wannan dabarar ta ƙanƙantar da abu don nuna nisa, Hokusai ya koye ta ne daga zane-zanen Turai da 'yan kasuwar Holan ke shigowa da su ta Nagasaki. Shuɗin ma baƙo ne. An fara haɗa shi a Berlin wajen 1706, ya yi araha a Japan a ƙarshen shekarun 1820, kuma yana da zurfin launi, ba ya saurin koɗewa. Amma bai kori na gida ba. Binciken da aka yi a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya nuna cewa a duhun jikin raƙumin an haɗa shi da baba, irin shunin da marina ke aiki da shi a Ƙofar Mata.

Duk da shaharar wannan zane, ni a wurina jerin magangarun ruwa takwas da ya fitar wajen 1833 sun fi shi koyarwa. A nan ne ya ƙi yarda cewa duk ruwa mai zubowa iri ɗaya ne. A magangarar Kirifuri da ke yankin Nikko, ruwan ya rarrabu a kan duwatsu kamar saiwar gamji, yatsu-yatsu, shuɗi da fari, matafiya a ƙasa sun ɗaga kai suna kallo. A ta Ono, ruwan ya sauko a miƙe kamar an saki ƙyallen saƙi daga sama. A ta Roben, siriri ne, masu ziyarar ibada suna wanka a ƙarƙashinsa. Sai ta Amida, wadda ba na gajiya da kallonta. A saman zanen akwai wani zagayayyen rami a cikin dutse, kuma a cikinsa Hokusai ya nuna kogin kamar tsuntsu ne yake kallonsa daga sama, yana murɗe-murɗe. Daga bakin ramin kuma ruwan ya faɗo a tsaye, kamar kana gabansa. Kallo biyu a takarda ɗaya, wanda babu inda mutum zai tsaya ya same su tare. A gefe ga mutum uku a kan wani tsauni, sun shimfiɗa abin zama, ɗaya yana ɗumama abin sha. Wasu suna kiran wannan kuskure ko wasa. Ni ina ganin gaskiya ce tsantsa, domin duk wanda ya je Gurara ko Matsirga ta Kafanchan ya san ba daga wuri ɗaya ake sanin magangara ba. Za ka hau ka ga yadda ruwan ke tahowa a natse, ka sauko ka ga yadda yake faɗuwa, kuma abin da za ka tafi da shi gida haɗin biyun ne.

Cikar teku da janyewarta sun fi duk waɗannan wuyar zanawa, saboda a hankali suke faruwa. Wanda ya zauna a Legas ko Akra ya san teku tana cika sau biyu a cikin kimanin awa 24 da minti 50, kuma jan wata ne babban dalili. Ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma kwanakin da ya cika, wajen daren sha huɗu, lokacin da jan rana da na wata suka haɗu a layi ɗaya. Abin da ke ɗaukar awa shida yana hawa ba shi da siffar da za a kama, sai dai a nuna sawunsa, kamar jirgi kwance a kan yashi, ko a je inda ƙasa ta matse shi har ya fusata. Utagawa Hiroshige wannan na biyun ya zaɓa a 1855, da zanensa na mashigin Naruto, tsakanin tsibirin Awaji da Shikoku. Faɗin mashigin kimanin kilomita 1.3 ne. Idan teku ta cika a gefe ɗaya, ɗayan gefen yana iya zama ƙasa da shi da mita ɗaya da rabi, sai ruwa ya kwararo ta matsatsin da gudun da ke kai kilomita 20 a awa a manyan kwanaki, yana murɗawa yana yin rami a tsakiya kamar an sa maburgi, wani faɗinsa ya kai mita 20. Hiroshige ya sa murɗin a gaba-gaba, dab da ƙafar mai kallo, raƙumi yana fashewa a kan dutse, 'yan tsuntsaye suna wucewa a sama. Bayan shekara biyu ya sake zana wurin a takardu uku a jere, wannan karon daga nesa, ruwan a natse, murɗe-murɗen sun zama kamar furanni a kan shuɗin ƙyalle.

A Sin kuwa, bakin kogin Qiantang yana da siffar mazurari, don haka idan teku ta cika sai ta shigo kogin a matsayin bango guda, tana hawa sama. Tun da can mutanen Hangzhou suke fita kallonsa a ranar 18 ga watan takwas na kalandarsu ta wata. Li Song, wanda ya yi zamani da Ma Yuan, ya zana shi a kan ɗan siliki: wata a sama, soron fada a gefe, bangon ruwan kuwa farin layi ne guda da ya ratsa kogin. Ya sa wata da ruwan a wuri ɗaya, mai ja da abin da ake ja.

Ka tambaya ko ƙirƙira suke yi. Wasu sun yi, kuma ya kamata ka iya rarrabewa. Hoton farko da aka buga na magangarar Nayagara, da ke kan iyakar Amurka da Kanada, ya fito ne a littafin limamin Kirista Louis Hennepin a 1697. Shi ya ga wurin a 1678, amma ya ninka tsayinsa kusan sau uku, alhali bai wuce mita hamsin da 'yan kai ba, kuma wanda ya sassaƙa hoton a Turai da bayaninsa ya yi aiki. Shekaru da dama ana kwafar wannan hoto. Jacob van Ruisdael na Holan, wanda ya rasu a 1682, ya zana magangaru masu duwatsu da itatuwan ƙasashen arewacin Turai da yawa, bai kuwa taɓa zuwa Nowe ba. Daga zanen Allart van Everdingen ya ɗauko su, wanda shi ya je Nowe da Suwidin a 1644. Sai dai ruwan Ruisdael yana gamsar da ido, domin ya zauna a gaban injinan niƙa masu aiki da ruwa a kan iyakar Holan da Jamus, ya ga yadda ruwa ke zubowa daga madatsa. Wurin aro ne, ruwan kuwa nasa ne. Haka nake auna tsohon zane: ba na fara tambayar ko dutsen yana nan a taswira, ina duba ko kumfar tana komawa inda ya kamata.

Masu fentin mai sun sami abin da mai katako ya rasa, wato hazo. Frederic Church na Amurka ya yi ta zuwa Nayagara a 1856 yana ƙananan zane a wurin, sannan ya fitar da babban a 1857, faɗinsa kusan mita 2.3. Ya cire gaɓar da mai kallo zai taka gaba ɗaya, ruwa ne tun daga bakin ƙyallen, sai ka ji kamar yana jan ƙafarka. Ya kuma kama koren nan da ruwa mai kauri yake yi daidai inda ya lanƙwasa zai faɗi. Dubban mutane sun biya senti 25 don su gan shi a New York, yanzu yana babban gidan zane na Washington. Turner na Ingila ya bi wata hanyar. A zanensa na 1842 na jirgin tururi cikin guguwar ƙanƙara, teku da sama da hayaƙi sun cakuɗe sun zama murɗi ɗaya, har masu suka na lokacin suka ce kumfar sabulu ce da farar ƙasa. Idan kuma yana aiki da fenti mai ruwa, da farcen babban yatsansa yake kankare takarda ya fito da farin feshi.

Kada kuma ka ɗauka zuwan kyamara ya kawo ainihin siffar ruwa. Lokacin da Hugh Lee Pattinson ya ɗauki hoton Nayagara a 1840, sai da aka bar kyamarar a buɗe na tsawon lokaci, ruwan ya fito fari fat babu siffa. Gustave Le Gray na Faransa, da ya ɗauki raƙumin ruwa a Sète a 1857, hotuna biyu da ya ɗauka a kan gilashi ya haɗa, ɗaya na teku ɗaya na sama. Ko wayarka ta yau zaɓi take yi: idan ta ɗauka da sauri ruwan ya daskare kamar fasasshen gilashi, idan a hankali ya zama kamar nono. Babu ɗaya a ciki da yake daidai da abin da idonka ya gani a bakin kogi.

Don haka ga aikin da zan ba ka. Ba sai ka je teku ba. Idan an yi ruwan sama, fita bakin kwata ko wata 'yar ƙorama, ka sa dutse ɗaya a tsakiya, ka watsa ƙaiƙayi ko ɗan gero daga sama, ka zauna minti ashirin babu fensir a hannunka. Lura da inda ƙaiƙayin ya yi sauri, inda ya tsaya yana juyi, da inda ya koma baya. Sannan ka juya wa ruwan baya ka zana da baƙar tawada kaɗai, ba gogewa, ka bar farin takarda ya zama kumfa. Ka yi haka kwana bakwai a wuri ɗaya, ka aiko mini da na ranar farko da na ranar ƙarshe in gani.